Kurakuran da ke ɓata taswirar fili da aka ɗauka daga sama

Jirgi marar matuƙi ya sauƙaƙa aikin safiyo a Zariya, amma kyan hoto daban, daidaiton awo daban.

Babban kuskure shi ne dogara da GPS ɗin jirgin kaɗai, wanda kan kauce da mita biyu ko uku. A Samaru ko Sabon Gari wannan ya isa ya jefa katangar wani cikin filin maƙwabcinsa. Kafin a tashi jirgi, a shimfiɗa alamomi a ƙasa, aƙalla biyar: huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Fenti baƙi da fari a kan allo mai faɗin santimita 60 ya wadatar. A auna tsakiyar kowace da na'urar safiyo, a kuma ƙara wasu biyu da ba za a saka cikin lissafi ba, don a gwada sakamakon da su. A kafe allunan da ƙusa, domin yara ko awaki na iya gusar da su.

Sai rikicin ma'auni. Jirgi yana rubuta wuri da WGS84, tsarin awon duniya da GPS ke amfani da shi, tsofaffin takardun fili kuwa da yawa a kan ma'aunin Minna, wato tsarin awon Najeriya, aka zana su. Idan aka haɗa biyun ba tare da an juya ɗaya zuwa ɗayan ba, iyaka za ta goce da gomomin mitoci. A tsarin UTM, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Zariya tana shiyya ta 32, a tabbatar da ita a manhajar haɗa taswira.

Wasu kan rage yawan hotuna don tsimin batir. Kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 75 zuwa 80, na gefe da kashi 65 zuwa 70, in ba haka ba taswira ta fito da ramuka.

Hazon hunturu yana dusashe hoto, inuwar safiya tana ɓoye turakun iyaka, don haka a tashi tsakanin ƙarfe 10 da 2 na rana. Da damina kuwa kan dawa da rake kyamara take gani, sai tsayin ƙasa ya fito ƙarya. A jira girbi.

Zariya tana da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da barikin soja, saboda haka kada a tashi sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya. Taswirar da za a kai KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, kuma sai da sa hannun ma'aikacin safiyo mai rajistar SURCON, hukumar yi wa ma'aikatan safiyo rajista a Najeriya.