Kula da tsohon zanen fenti a zafin Khartum

Wanda ya tarar da zanen fentin mai ya sha ƙura a Khartum ko Umdurman, kada ya kusance shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙurar habub, wato guguwar ƙura ta Sudan, yashi ce, gogawa tana karce fuskar zane, ruwa kuma yana bin tsagar fenti ya kumbura gam ɗin da ke ƙasa. A kwantar da zanen fuska sama, a haska tocila daga gefe. In fenti ya ɗaga kamar ɓawon kifi, a tsaya nan, aikin gwani ne. Ɓarɓashin da ya faɗo a adana a ambulan. In fentin yana zaune daram, a share da burushi mai laushi na gashin akuya, daga sama zuwa ƙasa.

Abin da ya fi ƙura ɓarna shi ne hawa da saukar danshi. Gidajen tarihi suna neman danshi kashi 45 zuwa 55 cikin 100, zafi digiri 18 zuwa 22. A Khartum kafin damina iska takan bushe ƙasa da kashi 20, sai a kunna mukayyif na ruwa, wato na'urar sanyaya ɗaki da ruwa, ɗaki ya jiƙe, wuta ta ɗauke ya sake bushewa. Yadin zane yana saki yana tsukewa, tsohon fenti kuwa ba ya iya binsa, sai ya tsattsage. Gwamma danshin ɗaki ya tsaya ƙasa kaɗan amma wuri guda. Zane-zanen bangon cocin Faras da ke arewacin Sudan, waɗanda masana daga Poland suka tono tsakanin 1961 da 1964, sun daɗe ɗaruruwan shekaru ne saboda yashi ya rufe su, yanayinsu bai cika sauyawa ba. Don haka a zaɓi ɗakin ciki, nesa da mukayyif da bangon da rana ke duka, a rufe bayan firam da kwali marar asid, a rataya ƙaramin ma'aunin danshi. In danshi ya wuce 65, fumfuna na tafe.

Saboda gara, a ɗaga zane santimita 15 daga ƙasa, a riƙa duba katakon baya. Kada a fesa maganin ƙwari a kan fenti.

In naɗewa ta zama dole, fentin ya kalli waje, a kan bututu mai kaurin santimita 20 ko fiye. Naɗin ciki yana matse fenti ya ɓare. Wajen nunawa, hasken luks 200 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) ya ishi fentin mai, zanen takarda kada ya wuce 50.