Kurakuran da masu neman manyan kalmomin Turanci suka fi yi, da yadda za a gyara su

Na daɗe ina koyar da Turanci da yamma a wata makarantar lesin da ke Kabuga. Yawancin ɗalibaina masu shirin JAMB ne, sai 'yan Jami'ar Bayero da ke fama da rubutun kundin digiri, da ɗaiɗaikun masu neman cin jarrabawar Turanci ta IELTS don fita karatu waje. Kokensu kusan ɗaya ne: "Malam, kalmomi ne ba ni da su." Abin da ke ci mini rai shi ne yaran suna da himma, suna kuma ba da lokacinsu, amma hanyar da suke bi ba ta ɓullewa.

Na fi ganin masu haddar ƙamus. Wani yaro daga Gwale ya sayo ƙaramin ƙamus a kasuwar Sabon Gari, ya fara daga harafin A, kalma talatin kullum bayan sallar asuba. Bayan mako uku na tambaye shi ma'anar abhor, wadda ke shafukan farko, ya yi shiru yana kallon rufin ɗaki. Na ce masa, "Kai da ka yi makarantar allo, ka taɓa ganin gardin da ya riƙe hadda ba tishi?" Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace a kwanakin farko yake zubewa idan ba a waiwaye shi ba. Kalma biyar a rana ta isa. Ka koma kanta washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Manhajar Anki tana tsara maka wannan tazara a waya, amma katin kwali a aljihu ma yana yin aikin.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne ɗaukar kalma ita kaɗai, a bar abokan tafiyarta. Ka dubi harshenmu. Baƙon da ya koyi cewa "ci" na abinci ne, "sha" na ruwa ne, har yanzu bai san komai ba game da cin bashi, cin amana, cin jarrabawa, shan iska, shan kashi ko shan alwashi. Ranar da ya ce ya sha bashi ko ya ci iska, duk mai sauraro zai san Hausarsa ba ta nuna ba, ko da kuwa kowace kalma daidai ya faɗe ta. Haka Turanci yake. Ruwan sama mai ƙarfi heavy rain ne, ba a cewa strong rain. Laifi commit ake yi masa, hankali pay attention ake ba shi, magani kuma take medicine ne, amma sau nawa na ga drink medicine a takardun ɗalibai, saboda a zuci "sha magani" suke fassarawa. Haka borrow me your pen ya samo asali daga "ara mini", alhali Turanci ya raba mai bayarwa da mai karɓa: shi lend yake yi, kai kake borrow. Masu duba rubutun IELTS suna ba da maki a kan dacewar kalma da maƙwabtanta, don haka wanda ya jera manyan kalmomi a wuraren da ba nasu ba yana iya samun ƙasa da wanda ya yi amfani da matsakaita daidai. Gyaran shi ne ka daina rubuta kalma da fassararta kawai a littafinka. Ka kwafi jimlar da ka tsince ta a ciki gaba ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke gabanta da bayanta. Ƙamus ɗin masu koyo irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya kafa harsashinsa, an gina shi ne a kan wannan buƙata, misalan da ke ƙarƙashin kowace kalma sun fi bayanin ma'anar amfani.

Akwai kuma ɗaukar kalmomi masu kusancin ma'ana a matsayin abu guda. Wata ɗaliba ta kawo mini wasiƙar da ta rubuta don neman tallafin karatu, a ciki ta ce ta yi karatu a hannun a notorious scholar. Malaminta take son girmamawa. Ta nemi wata kalma a madadin famous, kwamfuta ta ba ta jeri, ta zaɓi wadda ta fi mata kama da ta masu ilimi. Da na ce mata notorious sai wanda ya yi ƙaurin suna, kamar ɓarawo ko ɗan daba, sai ta dafe kai ta ce, "Innalillahi, Malam, da na tura fa?" A Hausa ma shahara daban, ƙaurin suna daban, tsimi daban, rowa daban. Kafin ka musanya kalma da 'yar'uwarta, ka bincika ko yabo take ɗauke da shi ko suka, ko ta ofis ce ko ta majalisar abokai.

Son dogon Turanci ma yana da nasa rabon. Mun taso muna jin ana yi wa mai manyan kalmomi tafi a muhawarar makaranta, sai muka ɗauka shi ne ƙwarewa. Wanda ya goge yana da kalma uku ko huɗu don abu ɗaya, ya san wadda ta dace da wurin, sau da yawa kuma gajerar yake ɗauka. Wannan tarin ya samo asali ne daga tarihi: bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka kwarara cikin Turanci, shi ya sa ake da ask da inquire, ko buy da purchase. Idan rubutun jami'a ne gabanka, nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000. Iyalan kalmomi 570 ne, wato kowace kalma da rassanta, irin su analyse da derive da significant, kuma su ne za ka yi ta karo da su a kowane fanni.

Asalin Latin ɗin nan wata ƙofa ce da ɗalibanmu ba sa shiga, alhali mun saba da irinta. Duk wanda ya taɓa Larabci ya san ilimi da malami da mu'allim daga saiwa ɗaya suka fito. To, saiwar port na nufin ɗauka, ita ce a cikin transport da export da portable. Bene alheri ne, mal kuma sharri. Saiwa ashirin za su buɗe maka kalmomi masu yawan gaske.

Kada ka koyi kalma da ido kaɗai. A debt da subtle ba a furta b, a receipt ba a furta p, epitome kuma gaɓa huɗu ce. Mu Hausawa muna da ƙarin aikin raba p da f. Danna alamar lasifika a ƙamus ɗin wayarka, ka saurara, ka maimaita da ƙarfi.

Sai zaɓen abin karantawa. Wasu kan ɗauko littafin da kowane layi sai sun buɗe ƙamus, a shafi na goma su gaji su ajiye. Masanin koyon kalmomi Paul Nation ya ƙiyasta cewa mai karatu na bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwa ɗaya a cikin hamsin. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina idan za su Laburaren Murtala Muhammad ko wajen masu tsofaffin littattafai: buɗe tsakiyar littafin, karanta shafi ɗaya, ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. Idan sun wuce goma, mayar da shi ka ɗauki wani. Idan huɗu ne ko biyar, wannan naka ne. Ka karanta minti ashirin kullum, ka zaɓi biyar daga baƙin kalmomin, sannan kafin ka kwanta ka saka biyu a cikin saƙon WhatsApp ga abokin karatunka, shi ma ya turo maka nasa ku gyara wa juna.