Kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarin Einstein

Da sakamakon jarrabawa ya fito, sai hoton Albert Einstein ya cika Facebook da WhatsApp, an rubuta a ƙasansa wai shi ma ya faɗi lissafi. Masu muhawara a makarantu su ɗauka, masu rubutun ƙarfafa gwiwa su ƙara gishiri. Ina koyar da fiziks a sakandare, kuma bakina ya gaji da gyara abu ɗaya kowace shekara, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Einstein bai taɓa faɗuwa lissafi ba. An haife shi a garin Ulm na Jamus ranar 14 ga Maris, 1879, kuma kafin ya cika shekara 15 ya riga ya ƙware a kalkulas, darasin da yawancin ɗalibai sai sun kusa jami'a suke soma gani. Jarrabawar da ake ta yayatawa ita ce ta shiga kwalejin fasaha ta Zurich a 1895. Yana da shekara 16 ya zauna mata, alhali 'yan shekara 18 ake ɗauka. Ya yi zarra a lissafi da fiziks, sauran darussa irin su Faransanci ne suka kayar da shi. Ya tafi garin Aarau na Suwizalan ya ƙarasa sakandare, kuma takardar sakamakonsa ta 1896 tana nan a intanet: 6 a aljabara, 6 a jometiri, 6 a fiziks, 3 a Faransanci. A Suwizalan 6 ne maki mafi girma, a Jamus kuwa 1 ne, don haka wanda ya karanta takardar da ma'aunin Jamus zai ga kamar daƙiƙi ne.

Wannan ƙaryar ta raba ni da ɗalibin da na fi sa wa rai. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, kafin in gama zana da'irar lantarki a allo ya faɗi inda ƙwan fitila zai mutu. Aljabara ce kawai take ba shi wuya, kuma da ya daure wata biyu zai wuce wurin. Na tsare shi a baranda kan aikin gida da ya daina kawowa, sai ya ciro waya ya nuna mini rubutun, ya ce, "Malam, ai ka ga Einstein ma bai iya lissafi ba, tunani ne abin." Na yi bayani har na gaji. Bai sami kiredit a lissafi ba, karatun injiniya da yake mafarki ya tashi a banza. Ku masu tura irin wannan rubutu, ku ji tsoron Allah. Kuna ganin lallashi kuke yi, alhali kuna ba yaro hujjar ajiye littafi. Einstein ɗin da kuke fakewa da shi ya shafe daga 1907 zuwa 1915 yana fama da ka'idarsa ta ƙarfin janyowa, har ta kai shi ga neman abokinsa Marcel Grossmann ya jagorance shi a jometirin Riemann, wani reshen lissafi mai zurfi. Tun daga lokacin na buga takardar Aarau na manna a bangon ɗakin gwaje-gwaje, duk wanda ya kawo zancen sai in ce ya je ya karanta da ƙarfi.

Haka ma masu cewa ɗan ƙaramin akawu ne marar ilimi. Ya yi aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bern daga 1902, amma da shaidar kammala kwalejin Zurich a hannunsa, kuma a 1905 ya miƙa kundin digirinsa na uku.

Kuskure na biyu da yake ƙona mini rai shi ne yadda ake jan ka'idarsa ta dangantaka, wato relativity, zuwa inda ba ta je ba. Mutum zai kasa kare maganarsa a majalisa, sai ya ce ai Einstein ya tabbatar babu gaskiya ɗaya, kowa da tasa. Ka'idar 1905 a kan abubuwa biyu da ba sa canzawa aka gina ta. Dokokin fiziks iri ɗaya ne ga duk masu tafiya a miƙe da gudu ɗaya, kuma gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne ga kowa, ko yana bin hasken ko yana guje masa. Lokaci da tsawo ne suke bambanta tsakanin masu awo, kuma bambancin ana lissafa shi daidai wa daida. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum. Da injiniyoyi ba su gyara wannan ba, taswirar wayarka za ta riƙa kauce wa wurin da kake da kilomitoci cikin yini. Ɗabi'ata ita ce, wanda ya ambaci ka'idar a gabana sai ya faɗi ginshiƙan nan biyu kafin mu ci gaba.

Lambar Nobel: ta shekarar 1921 ce, an sanar da ita a 1922, kuma ba don dangantaka aka ba shi ba. An ambaci bayaninsa ne kan yadda haske yake fizgo ilektiron daga jikin ƙarfe.

Bam ɗin nukiliya ba shi ya ƙera ba. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka ci karo da tsagewar yuraniyom, tushen ƙarfin bam ɗin, a birnin Balin na Jamus a ƙarshen 1938, Lise Meitner da Otto Frisch suka fassara abin da ya faru. Rawar Einstein ita ce sa hannu a wasiƙar da Leo Szilard ya shirya zuwa ga Shugaban Amurka Roosevelt a Agustan 1939, saboda tsoron kada Hitler ya riga kowa. Sojojin Amurka ba su ma amince a sa shi cikin aikin ƙera bam ɗin ba. Masanin fiziks Robert Oppenheimer ne ya jagoranci ɗakin binciken Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Afrilun 1955, Einstein ya sa hannu a sanarwar masanin falsafa Bertrand Russell mai gargaɗi kan makaman.

Sunansa bai karaɗe duniya a 1905 ba. Sai da aka yi husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari daga tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, wata tawaga kuma daga Sobral a Brazil, aka ga hasken taurari ya lanƙwasa a gefen rana kamar yadda ya lissafa.

Sai maganganun da ake jingina masa. Mai cewa idan aka auna kifi da iya hawa bishiya zai ɗauka shi daƙiƙi ne, babu ta a rubuce-rubucensa. Zancen wai ya musulunta a ɓoye ma babu hujja a kansa. Bayahude ne ta haihuwa, ya ce da bakinsa Allah irin yadda masanin falsafa Spinoza ya siffanta shi ya yarda da shi, kuma ya ƙi a kira shi mai musun samuwar Allah. Addininmu bai buƙaci shaidar ƙarya ba. Ɗalibin da ya sa maganar Einstein a rubutunsa ba tare da shekara da wurin da ya faɗe ta ba, ina ja mata jan biro, in tura shi ga tarin takardun Einstein da madaba'ar Jami'ar Princeton take wallafawa, ya nemo ta ko ya cire.