Yadda ake bibiyar kwaɗon bishiya mai jan ido, daga ƙwai zuwa talibambam

Wannan kwaɗo, Agalychnis callidryas, ɗan dazuzzukan Amurka ta Tsakiya ne, daga kudancin Meziko har Panama. Mai son ganin yadda yake hayayyafa sai ya jira damina, ya nemi tafkin da rassa suka rufa a kansa.

Fara da fita da dare, tocila a hannu. Za ka ji kukan maza. In reshe na rawa alhali babu iska, namiji ne ke jijjiga shi don ya kori abokin takara.

Da zarar namiji ya ɗare bayan mace, ja da baya. Ita ce babba, za ta sauka ruwa da shi a goye, ta cika mafitsara, ta koma sama ta zuba ƙwai wajen 40 a ganyen da ke saitin tafkin, dunƙule cikin yauƙi kamar na kuɓewa. Da ruwan da ta ɗebo take jiƙa su.

Da safe ɗaura zare a reshen, ka rubuta ranar, sannan ka kama hannunka. Nan ne masu zumuɗi ke ɓata aiki. Ƙwan kan ƙyanƙyashe a kwana 6 ko 7, amma daga kwana 4, in maciji ya fara ci, sauran sai su fashe cikin daƙiƙoƙi, 'ya'yan su zubo ruwa. Karen Warkentin, masaniyar kimiyyar halittu da ta daɗe tana nazarinsu a Panama, ta nuna suna bambance girgizar maciji da ta ruwan sama. Yatsanka ma zai iya firgita su, kuma wanda ya fito da wuri bai yi ƙwari ba, kifi ya fi saurin cafke shi.

Bayan kwanaki, ɗebo talibambam ɗaya a kwalba da ruwan tafkin, ka duba da gilashin ƙara girma. Idanunsa a gefen kai suke. A hagu akwai ƙaramar kafa da ruwan numfashi ke fita. Bakin na da ƙananan haƙora baƙaƙe, layi 2 a sama, 3 a ƙasa. Lura da tsayuwarsa: kai sama, jela ƙasa tana kaɗawa.

Ƙafafun baya ne za su fara ɓullowa, na gaba daga baya. Kana gama dubawa, mayar da shi tafkin da ka ɗebo shi.