Haya ta kore ka daga cikin Abuja? Ga yadda za ka zaɓi garin da za ka kai iyali

Duk mai haya a Wuse ko Garki ko Gwarinpa ya san yadda abin yake, shekara na ƙarewa mai gida zai turo takarda wai an yi ƙari, albashi yana nan inda yake, yara kuma sun ƙaru har ɗaki biyu ya yi muku kaɗan. Daga nan sai tunani ya koma bayan gari, Kubwa za a koma ko Lugbe ko Mararaba, ko kuwa a zarce Suleja gaba ɗaya a huta. Wannan ba abin kunya bane, ɗimbin ma'aikatan da kake gani a Sakatariya da safe ba a cikin gari suka kwana ba.

Inda mutane ke zamewa shi ne tambayar farko da suke wa ejan, wato nawa ne kuɗin gidan. Ni a ganina wannan tambaya ta uku ce ko ta huɗu ma. Ta farko ita ce ta wace hanya zaka riƙa shigowa gari, domin abin da ka rage a haya hanya na iya cinye shi tas har ta nemi ƙari.

Manyan hanyoyin shiga Abuja uku ne. Akwai ta Keffi wadda ta ratso Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya ta faɗo mahaɗar AYA da ke Asokoro. Akwai ta Kubwa da ta kwaso mutanen Suleja da Madalla da Zuba da Dei-Dei, mutanen Bwari ma nan suke haɗewa ta Dutse. Sai ta filin jirgi, ta mutanen Lugbe da Kuje da Gwagwalada. To ka fara duba inda ofishinka ko shagonka yake, in a Utako ko Jabi ko Maitama kake aiki ɓangaren Kubwa ne naka, in Asokoro ne ko Area 11 ɓangaren Keffi ya fi kusa, in kuma wajen Area 1 ne ko filin jirgi to Lugbe da Kuje. Kar ka yarda ka kama gidan da sai ka ratsa garin kaf kafin ka isa wurin aiki, komai arhar sa.

Kuma don Allah kar taswirar waya ta ruɗe ka. A taswira Mararaba na nan dab da Asokoro, ka ce minti ashirin ka isa, amma tambayi masu bin hanyar nan da safiyar Litinin ko da yamma bayan an tashi aiki, daga Kugbo zuwa gadar Nyanya zuwa Mararaba gosulo ne da sai ka kashe mota ka zauna kana kallon masu tallan ruwan leda da filanten, shi ya sa da yawansu ana sallame asuba suke kama hanya, wasu ma sai sun shigo gari suke sallar. Ejan kuma wayo gare shi, ranar Asabar da rana zai kai ka ganin gida, titi fayau. Abin da zaka yi shi ne ka ware rana ɗaya cikin ranakun aiki, ka kwana wurin wani ɗan'uwa ko aboki a unguwar, ka fito daga ƙofar gidan da kake so ƙarfe 6:30 na safe ka shiga motar haya kamar kowa, ka duba agogo. Da yamma ƙarfe 5:30 ka sake bi zuwa can. Abin da agogo ya nuna maka shi ne nisan gidan na gaskiya.

Sai lissafin kuɗin mota, kuma ka yi shi a takarda ba a ka ba. Daga gida zuwa bakin titi ɗan acaba ko Keke, daga titi zuwa Berger ko AYA ko Area 1 mota, daga nan zuwa ofis wata motar, ka ninka biyu saboda dawowa, ka ninka da kwana 22 na aiki a wata sannan da wata 12. A ce naira 2,000 kacal ta ƙaru maka a kullum, a shekara ta zama 528,000, kaga in bambancin hayar bai kai haka ba wahala kawai ka saya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya canza wa kowa, masu mota da yawa sun koma ɗaukar fasinja a hanya don su rage kuɗin mai. Nan ma a kula, ka zaɓi wurin da yake da tasha ko sanannen wurin lodi, saboda 'yan wancans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi, a bakin titi suke tsintar mutane, musamman da duku-duku da bayan magariba.

Maganar jirgin ƙasa a taƙaice: Kubwa na da tasha a layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, in danginku na Kaduna ko Zariya wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Jirgin cikin gari ma da aka sake tayarwa a 2024 yana tsayawa Dei-Dei da Kagini da Gbazango, sai dai ka duba lokutan tashinsa ko sun dace da aikinka kafin ka sa shi a lissafi.

Toh, duk wannan naka ne kai maigida. Amma kai fita kake da asuba ka dawo bayan isha, waɗanda za su zauna a garin da gaske uwargida ce da yara, saboda haka kar ka biya ko sisi sai ta je ta gani da idonta. Ita ce zata shiga gidan maƙota ta gaisa da matan, cikin minti goma sun faɗa mata abin da ejan ba zai taɓa faɗa maka ba, ko rijiyar na ƙafewa a watan Maris da Afrilu, ko bohol ɗin na mai gida ne shi kaɗai yake da makulli, ko wuta sai dare ake kawowa. Wasu sassan Kubwa na samun ruwan famfo daga dam ɗin Usuma, amma wurare da yawa a Mararaba da Masaka da Lugbe bohol ne da 'yan garuwa. In ka shiga layi da hantsi ka ga kura-kuran 'yan garuwa a jere da jarkoki suna ta kai da kawo, ka san akwai kuɗin ruwa na kullum da zai hau kanka, ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi nawa kura yanzu kuma nawa take kaiwa da rani.

Wuta kuwa duk ta kamfanin rarraba lantarki na Abuja ce, wato AEDC, ko Suleja ko Mararaba ko Kuje, amma layi ya bambanta da layi. Ka tambaya unguwar a wane rukuni take, 'yan Band A an ce awa 20 a rana sai dai kuɗin ya ninka kusan sau uku tun Afrilun 2024. Ka tabbata gidan na da mita mai kati tasa shi kaɗai, ka sa a duba ko akwai tsohon bashi a kanta. Mitar haɗaka da maƙota rigima ce, ranar da madam ta kunna hita zaka ji magana.

Abin da na fi so mutane su ɗauka da muhimmanci shi ne damina. Gidan da ka gani a watan Janairu tsaf-tsaf ba shi bane a watan Agusta. Kowa ya ga abin da ambaliya ta yi a Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023, Lokogoma ma ta sha fama. In da rani kake neman gida ka sunkuya ka duba ƙasan katanga ta waje da ta bayan gida, in akwai wani layi ruwan ƙasa-ƙasa da ya zagaye bango daidai gwiwa, ko ka ga ƙasan bangon kaɗai aka yi wa sabon fenti, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ko buhunan yashi a bakin get, ruwa na shiga gidan nan ko ejan ya rantse da me. Ka duba hanyar da zata kai ka bakin kwalta ma, jar ƙasar nan in ta sha ruwa ko ɗan acaba ninka kuɗi yake. Gwagwalada kuma nata zafi ne, mai ƙananan yara ya sa sola ko fanka mai caji a lissafi.

Makaranta ta kasance a ɓangaren titin da gidanku yake, kar yara su riƙa tsallaka babban titi kullum. Kuma shawarata ka cire su daga makarantar cikin gari ka maido su kusa, na san da ciwo in makarantar na da kyau, amma yaro ɗan shekara 6 da ake tasa ƙarfe 4:30 ya yi barci a mota ya dawo magariba, ina karatu ina islamiyya. A nan Suleja da Keffi suka yi wa sauran zarra, tsofaffin garuruwa ne masu sarauta, Suleja ma ai ita ce Abujar asali kafin a ba babban birni sunan, akwai islamiyyu da makarantun allo da kasuwa mai sauƙi, iyali ba za su ji baƙunta ba, sai dai kai zaka biya da nisa. Mararaba da Nyanya da Kubwa kowace ƙabila akwai, kuma akwai unguwannin da Hausawa suka fi yawa in haka kake so.

Asibiti ka auna shi da dare, in naƙuda ta tashi ƙarfe 2 ko zazzaɓin yaro ya hau, minti nawa zaka kai kuma da wace mota. Gwagwalada na da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja, Keffi na da babban asibitin tarayya, Kubwa da Nyanya da Bwari da Kuje da Suleja duk akwai janar.

Tsaro ba a tambayar ejan shi ma. Ka zauna wurin mai shayi ko ka yi magariba a masallacin unguwa ka ji hira, akwai 'yan sintiri, nawa ake biya a wata, ƙarfe nawa ake rufe get. Abin da ya faru a yankin Bwari farkon 2024 na satar mutane ya nuna gidan da ke can ƙarshen gari jikin dutse ko daji arharsa na da dalili. Gara ƙaramin gida a tsakiyar mutane. Ka duba sabis ɗin waya a cikin ɗakunan ma, ba a tsakar gida ba.

Masu niyyar sayen fili su yi gini, ku yi haya ko ta shekara ɗaya tukuna ku ga rani da damina. Kuma ku sani Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja, kowace da ofishin filayenta, a cikin yankin babban birnin tarayya kuwa a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filaye, ake bincike, takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta hana rusau, waɗanda suka ga zamanin El-Rufai yana minista za su ba ka labari.

In an zo biya, ka sa a ranka bayan kuɗin haya akwai na ejan da na lauya, galibi kashi 10 cikin 100 kowanne, ga kuɗin ajiya na ɓarna, ga na motar kwasar kaya. Ka nace sai ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, ka tura kuɗi ta banki zuwa sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit, ka ɗau hoton duk wani abu da ya lalace kafin ka shigo da kaya. Tashin kuma ka daidaita shi da hutun ƙarshen zango, yara su fara sabuwar makaranta tare da kowa.