Kurakuran da ke hana marubuciya kai littafinta ƙarshe

Duk wadda ta daɗe a guruf-guruf na marubuta a WhatsApp ta san labaran da ke tsayawa a shafi na goma sha biyar. Masu karatu su yi ta tambaya, "Anti, yaushe za a ci gaba?" har su gaji su watse. Ni ma ina da irinsu guda uku a kwance, don haka abin da zan faɗa daga kaina na fara ganinsa.

Babban kuskuren shi ne sakin labari tun bai nuna ba. Kin rubuta shafi biyu da daddare, daɗi ya kwashe ki, da safe kin tura guruf. Yabo ya yi ta zuwa. To daga ranar kin ɗauki bashi. Kullum sai kin biya shafi, ko kina da abin faɗa ko babu, ga masu cewa a kashe kishiyar, ga masu cewa a bar ta. Kafin ki ankara labarin ya bar hanyar da kika tsara masa, ke kuma kin fara jin nauyin buɗe wayar. Abin da muke kira kasala sau da yawa wannan nauyin ne. Gyaran shi ne ki riƙe labarin a hannunki har ki rubuta aƙalla rabinsa, kuma ki san yadda zai ƙare. In kin fara saki, ya zama kina da shafi goma a ajiye, saboda ranar biki ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Sai jiran natsuwa. "Bari a gama azumi." "Bari yara su koma makaranta." Gidan da ake girki sau uku ba ya yin shiru don wani zai yi rubutu. Ki yanke lokaci ƙarami wanda ba mai taɓa shi, kamar minti talatin bayan sallar asuba, ki sa wa kanki kalma 300. Kaɗan ce, amma a wata guda ta zama 9,000, a wata shida ta haura 50,000. Ki kashe data kafin ki fara, don saƙo ɗaya ya isa ya cinye rabin awar. Wata dabara da ta taimake ni: ina tsayawa a tsakiyar zance, inda na san abin da zai biyo baya. Gobe da na zauna ba sai na yi ta kallon farin shafi ba.

Rashin wa'adi ma yana kashe aiki. Ki duba Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016. Mata da yawa da suka shekara suna cewa za su yi rubutu, sai ga shi sun kammala labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500 cikin 'yan makonni, don kawai akwai ranar rufewa. Littafinki ba mai rufe miki ƙofa, sai ki nemi ƙawa guda mai tsare gida, ki ce mata ranar Juma'a za ki turo babi na huɗu. Guda ɗaya fa, ba guruf ba.

Wajen ajiya kuwa nan na sha wuya. Na taɓa rubuta babi takwas a cikin waya, wasu a manhajar rubutu, wasu a saƙon da nake tura wa kaina. Ranar wata Laraba na sauka daga adaidaita sahu, na laluba jaka, babu waya. Na tsaya bakin titi ina tuna hirar da na kwana uku ina gyarawa tsakanin uwa da 'yarta, ko jimla ɗaya ban iya dawo da ita yadda take ba. Yanzu fayil ɗaya nake da shi ga kowane littafi, kowane babi da lambarsa da kwanan wata, kuma duk dare sai na tura kwafi Google Drive ko imel. Ina kuma da ƙaramin littafi mai shafi arba'in inda nake rubuta sunayen taurari, shekarunsu, garinsu da dangantakarsu. Kafin nan na taɓa mayar da Hajiya Binta Hajiya Bilki a babi na tara, mai karatu ce ta tuna min.

Akwai kuma masu wanke shafin farko sau ashirin. Kowace rana a dawo a canja gaisuwa, a gyara ɗ da ƙ, a ce an yi aiki. Ki wuce gaba. Inda kika maƙale ki sa alama ki rubuta "a dawo nan", gyara yana da nasa lokacin bayan an gama.

Sabon labari kuma kullum sai tsohon ya yi tauri yake zuwa, da kwalliyarsa. Ki rubuta shi a layi uku a bayan wancan ƙaramin littafin, ki rufe, ki koma babin da kika bari jiya.