Yadda ake cire zuma daga amya ba tare da an ƙone ta ba

Sau nawa ka sayi zuma a babbar kasuwar Maradi, ka kai gida ka buɗe sai warin hayaƙi da ƙauri? Ba laifin ƙudan ba ne, tun wajen cira aka ɓata ta. Masu amya irin ta haki da ake shafe wa da kashin shanu a rataye bisa gawo ko ƙirya, kamar yadda ake yi wajen Madarumfa da dajin Baban Rafi, da ku nike.

Da farko ka jira magariba ta yi, ƙudan sun koma sun natsu. Sa kaya masu kauri masu haske, ka tura wando cikin safa, ka ɗora malfa ka rufa guntun sange bisa har wuya. Dan Allah kar ka shafa turare ranar, su ba su san gayu ba, harbi kawai za ka sha.

Sai hayaƙi, kuma nan ne mutane suka fi kuskure, wani sai ya kunna damin kara ya cusa harshen wuta cikin amya wai don ya gama da wuri, ƙudan su mutu, saƙa ta narke, toka ta zube cikin zuma, baɗi kuma amyar ta zauna wayam yana ta mamakin mi ya kore su. Busasshen kashin shanu cikin gwangwani ya isa, ka riƙa hura shi sannu-sannu ta bayan amya har su matsa gaba.

In ka buɗe, haska tocila ka duba kafin ka sa wuƙa. Saƙar da aka toshe bakinta da farin kaki ita ce ta nuna, ruwanta bai kai kashi 20 cikin 100 ba shi ya sa ba ta tsami. Wadda bakinta ke buɗe ɗanya ce, bar ta. Mai ƴaƴa da ƙwai ma kar ka taɓa, kuma ka rage musu abinci, ba a kwashewa kaf.

A gida ka farfasa saƙar cikin bokiti busasshe ƙarau, ka ɗaura ƙyalle mai tsabta bakin wani bokitin ka juye, ka rufe saboda ƙura da cinnaka, ka bar ta ta kwana tana tsiyaya da kanta. Walle ban da ɗorawa bisa wuta! Da safe ka zuba cikin kwalba ko bido sabo, ba wanda ya taɓa ganin mai ba. In ta daskare lokacin ɗari ba jabu ba ce, tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Sauran kakin kar ka yar, narka shi cikin ruwan zafi ka tace, masu haɗa man shafawa suna saye. Zumar kuma, cokali guda cikin ruwan ɗumi da lemun tsami na sassauta tari, amma jinjirin da bai cika shekara 1 ba likitoci sun hana a ba shi, ko lasa ce.